Makon Salla a Birnin Kano

Kowane gari na ƙasar Hausa yana da ranakun da ya ke taruwa don kiɗa da wasa. Mutanen Argungu suna da bikin kamun kifi, manoma suna da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, 'yan dambe da 'yan kokawa kuma ba su rasa dandali da kaka. Amma in ana zancen mako guda cur wanda gari ba ya rabuwa da amon ganga tun daga farkonsa har ƙarshensa, to, sai a dubi Kano da Salla. A cikin wannan darasi za mu bi makon Ƙaramar Salla kwana-kwana, mu ga wa ke kiɗa, me ya ke kaɗawa, kuma don wa ya ke yi.

Shirin Salla

Kafin a ji ganga ko ɗaya sai an ji allura da guduma. Tun azumi bai kai ashirin ba maɗinka su ke daina barcin kirki, suna ta fama da riguna da huluna. Masu ɗinkin hannu suna zaune a zaure suna fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirjin babbar riga, aikin da ya kan ci makonni. A marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun shekarar 1498 ta ke nan, marina suna tsoma tufa cikin ruwan baba suna ɗagawa, don iska ce ke mai da ita shuɗiya. In ta bushe sai a kai wa mabuga. Su kuwa su ɗora ta bisa gungume, su zauna suna fuskantar juna, su yi ta dukanta da manyan sanduna har ta yi ƙyalli. Wanda ya tsaya ya saurari mabuga zai ji ashe su ma kiɗa su ke yi, gama hannun wannan ba ya sauka tare da na wancan. Haka a ke samun rawanin nan mai walƙiya da a ke kira ɗan Kura.

Doki ma yana da nasa tufafin. Maƙera su ke ƙera linzami da likkafa, dukawa su yi ragama da sauran kayan fata, masassaƙa su fitar da icen sirdi, waɗansu kuma su ɗinka jalala. Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi a kwanakin nan zai tarad da layin masu kayan doki a cike. Ana cikin haka hakimai su ke shigowa birni daga ƙasashensu, kowane da dawakinsa da barorinsa da makaɗansa. A cikin gidaje kuwa mata suna kitso da ƙunshi, ana tuyar alkaki da dubulan, ana dakan nakiya.

Daren Salla

In azumi ya kai ashirin da tara sai kowa ya sa ido sama, ya kuma sa kunne ga sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Yanzu rediyo da wayar hannu su ke fara kai labari. A da kuwa, sa'ad da babu ko ɗaya cikin waɗannan, mutanen birni daga fada su ke ji. Sai a harba bindiga, a buga tambari, kowa ya sani gobe Salla.

Tambari shi ne sarkin ganguna. Ana sassaƙa shi daga gungumen itace, mai faɗin baki da tsukakken gindi, a rufe bakin da fatar sa, a ɗaure tamau. Muryarsa ƙasa-ƙasa ta ke, amma tana tafiya nesa, har mutum ya kan ji ta a ƙirjinsa kafin ya gane daga ina ta fito. Ba a buga tambari don biki ko suna, ba a kuwa buga wa attajiri kome yawan dukiyarsa. Na sarki ne shi kaɗai. Ana buga shi ran da a ka naɗa sabon sarki, da daren Salla, da sauran manyan ranaku irin waɗannan. In za a fita da tambura cikin hawa, bisa raƙumi a kan ɗora su, domin sun fi ƙarfin a rataya a kafaɗa.

Rana ta fari: Hawan Salla

Da hantsi ran ɗaya ga Shawwal jama'a su ke ɗunguma zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, kowa da sabuwar rigarsa, ana tafe ana kabbara. Wannan lokacin ibada ne, ba na wasa ba. Sai an idar da salla, an gama huɗuba, sa'an nan sarki ya hau doki, a buɗe masa laima. Nan take kakaki zai tsage, algaita ta amsa, ganguna su ɗauka. Daga nan sarki ya ratsa unguwannin birni, ya tsaya a Gidan Shettima su gaisa da Gwamna, kana ya wuce gidansa, ya yi wa jama'a jawabi.

Bari mu dakata a kan kakaki, don ya isa a san shi. Dogon abin busa ne na ƙarfe, tsawonsa ya fi na dogon mutum nesa, ya kan wuce mita biyu. Gaɓa biyu ne a ke harhaɗawa in za a busa, a raba in an gama. Ba shi da ramukan da a ke toshewa da yatsa kamar sarewa, saboda haka muryoyinsa kaɗan ne ƙwarai, galibi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ku yi mamaki, da waɗannan biyun mai busa ya ke fitar da kirarin sarki, wanda ya saba ji kuwa ya gane abin da a ke faɗi sarai. Masu kakaki su kan jeru, su ɗaga shi sama tare, su juya dama da hagu tare, farai da ƙaho suna cike musu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano, da figini, da takalmin gashin jimina, da dawakin zage. Shi ne kuma ya gina gidan sarautar da har yanzu a ke kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ku lissafa da kanku ku ga shekara nawa ke nan ana jin wannan murya a garin.

Algaita kuwa gajera ce. Jikinta itace ne a naɗe da fata, da ramuka na yatsu, a samanta akwai siririn bututun ƙarfe da ɗan faifai wanda leɓɓan mai busa ke dafawa, can ƙarshe kuma ga ɗan tsinken ciyawa wanda shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Yara da yawa su kan yi dariya in sun ga kumatun mai algaita sun kumbura kamar ya cusa lemo. Ba abin dariya ba ne, gwaninta ce. Yana tara iska ne cikin kumatunsa, yana tura ta cikin algaita, a lokacin nan kuma yana shaƙar wata ta hanci. Don haka ne za ku ji busa tana ta tafiya ba ta yanke ba, kamar mai yinta ba ya numfashi. Ku gwada da tsinken shan lemo cikin kofin ruwa, ku ga ko za ku iya sa kumfa ta yi ta tashi kuna shaƙar iska. Za ku tarar abin da wuya.

Rana ta biyu: Hawan Daushe

Wannan shi ne hawan da ya fi kowane tara jama'a, da la'asar a ke yinsa. Masu ba da labarin da sun ce wani bawan sarki ne mai suna Daushe ya kwanta ciwo ran Salla, bai sami hawa ba. Abin ya dame shi, ya roƙi sarki, sarki kuwa don ƙaunar da ya ke masa ya sake hawa kashegari. Daga nan abin ya zama al'ada, sunan Daushe ya bi shi. A wannan rana sarki ya kan biya Babban Ɗaki, watau gidan mahaifiyar sarki, ya yi gaisuwa. Abin lura ne wannan: mutumin da dubban mutane ke faɗuwa gabansa, ga shi ya sauka daga doki don ya gai da uwa.

A filin Ƙofar Kudu mutane sun yi dafifi, baƙi daga ƙasashe masu nisa suna zaune a rumfa. Hakimai su ke fara wucewa, ɗaya bayan ɗaya, kowane da jama'arsa cikin tufafi iri guda. Ga Madaki, ga Makama, ga Sarkin Bai, ga Sarkin Dawaki Mai Tuta, waɗanda su huɗun nan su ne masu zaɓen sarki bisa al'ada. Ga Galadima da Wambai da Ciroma da sauran 'ya'yan sarki, rawunansu da kunne biyu. Kowane hakimi yana da takensa, watau kiɗan da a ke yi masa shi kaɗai. Tsofaffin birni ko suna bayan taro, ba sa ganin kome sai ƙeyar mutane, da sun ji take za su ce, "Wane ne ya iso."

Sa'an nan sai rundunar sarki. 'Yan bindiga suna gaba suna ta harbi da bindigogin gargajiya, hayaƙi ya turnuƙe. Ga 'yan baka, ga 'yan sulke da rigunan ƙarfe, ga 'yan lifida waɗanda su da dawakinsu duk an lulluɓe da lifidi, watau tufa mai kauri da a ka cusa wa auduga don kada kibiya ta huda. Dogarai suna kewaye cikin ja da kore, zagage suna jan dawakin zage waɗanda an yi musu ado amma ba kowa bisansu. A tsakiya ga sarki ƙarƙashin laima, ana yi masa fifita da figini, yana riƙe da tagwayen masu. Duk waɗannan kayan yaƙi ne na da. Asalin hawa ke nan: sarki ya ga dawakin ƙasarsa da mayaƙansa, ya san ko a shirye su ke, su kuma su nuna suna tare da shi. Turawa da su ka zo sun kira shi da sunan da su ka taho da shi daga Indiya, shi ne Hausawa su ka mayar "daba".

In sarki ya tsaya sai a yi jafi. Mahaya su jeru sahu, su saki dawaki a guje kamar za su bi ta kansa, sai sun zo daf da shi su ja linzami, dawaki su turje, ƙura ta tashi, su ɗaga hannu su yi jinjina. Dogarai su amsa musu da babbar murya a madadin sarki. A nan wajibi ne in ja kunnenku. Dokin da ya taho a guje ba ya sanin yaro, mahayinsa ma ba ya iya tsai da shi nan take. Wanda ya je kallo ya tsaya inda a ka tsai da jama'a, ya riƙe hannun ƙanensa, kada ya tsallaka hanya don ya hango wani abokinsa a ƙetare.

Kusa da sarakuna za ku ga waɗansu makaɗa masu ƙananan ganguna suna kaɗawa da hannu, suna waƙa. Waɗannan su ne makaɗan fada. Kotso yana da siririn ƙugu, bakinsa ɗaya ne a rufe, an ɗan manna danƙo a tsakiyar fatar don murya ta yi daɗi. Taushi ya yi kama da akushi da a ka rufe da fata. Jauje kuwa kamar babban kalangu ya ke. Da kotso Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo su ka yi suna, Salihu Jankiɗi kuma da taushi, ko da ya ke su mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara ne. Aikin makaɗin fada ba yabo kaɗai ba ne. Cikin waƙarsa ya ke jero iyaye da kakannin sarki, da garuruwan da su ka ci, da halin da a ke so sarki ya riƙe. Mutane da yawa waɗanda ba su taɓa buɗe littafin tarihi ba daga bakin makaɗa su ka san sunayen sarakunansu.

Rana ta uku da ta bayanta

Hawan Nassarawa da safe a ke yinsa. Sarki ya fita bayan ganuwa, ya tsaya a gidansa na Nassarawa ya ziyarci kaburburan magabatansa. A nan a ka binne Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 har 2014. Daga nan ya wuce Gidan Gwamnati ya rama wa Gwamna ziyara. Wannan ya samo asali ne tun zamanin Turawa, sa'ad da sarki kan je ya gai da Razdan. A kan hanyar komowa ya kan bi ta Sabon Gari da Fagge, inda Yarbawa da Ibo da sauran baƙin Kano su ke fitowa su tarye shi, waɗansu da nasu ganguna.

Hawan ƙarshe na bayan gari ne. Sarki ya kan tafi gidansa na Ɗorayi ko na Fanisau, gwargwadon wace Salla ce, ya wuni can, a yi karatu da addu'a, da yamma ya komo gida cikin kiɗa.

Abin da ke gudana cikin unguwanni

Kada ku zaci kiɗan Salla duk a fada ya ƙare. Mafi yawansa ma a lunguna ya ke. Yara suna yawon barka da Salla gida-gida, aljihu ya cika da goron Salla. Waɗansu su hau dutsen Dala su hangi birni, waɗansu su tafi gidan namun daji na Audu Bako, waɗansu kuma Gidan Makama su ga kayan tarihi. Da dare 'yan mata su yi da'ira a dandali suna gaɗa, ba su bukatar ganga, tafi ya ishe su.

A cikin gida mata suna da nasu. Akwai shantu, dogon duma mai rami gaba da baya, wanda a ke bugawa a cinya ana toshe bakinsa da tafin hannu. Akwai kiɗan ƙwarya, inda a ke kifa ƙwarya bisa ruwa cikin babban masaki a kaɗa ta da 'yan sanduna, waɗansu ƙoren kuma a kifa su a ƙasa. Da wannan a ke waƙar amada, wadda Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Coge ta Funtuwa su ka shahara da ita. Masu goge da kukuma su ma suna samun kasuwa a wannan mako. Tsirkiyarsu da izgar doki a ke yinta, ashe dokin nan da ya yi jafi da la'asar yana da rabo cikin kiɗan dare.

Da yamma kuma akwai dambe. 'Yan wasa sun kasu jam'iyyu, Kudu da Arewa da Guramada, kowane ya naɗe hannu ɗaya da zare ya bar ɗayan don kariya. Gangarsu kalangu, wanda asalinsa na mahauta ne. Kalangu yana da baki biyu da siririn ƙugu, da igiyoyin fata da su ka haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi ya kan saƙale shi a hammata. In ya matse igiyoyin fata ta ɗame, murya ta hau. In ya sassauta ta sauka. Ga dalilin da ya sa a ke cewa kalangu yana magana. Harshenmu na Hausa yana da hawa da sauka. Ku faɗi "wuya" ta jiki, ku kuma faɗi "wuya" ta wahala. Baƙaƙensu ɗaya ne, amma a ta fari murya sama ta ke farawa ta sauko, a ta biyu daga ƙasa ta ke tashi. Wannan hawa da saukar kalangu ke kwaikwaya, har ya kira ɗan dambe da takensa. Sai ku ga ƙato yana zaune shiru, da ya ji an taɓa nasa ya zabura jiki na tsuma, ya shiga fili yana kirari. Muhammadu Bawa Ɗan'anace shi ne ya fi suna cikin mawaƙan dambe, musamman saboda waƙoƙin da ya yi wa Shago.

Masu ci da wannan mako

Makaɗi ba shi da albashin wata kamar malamin makaranta. Da kyauta ya ke ci: riga, ko kuɗi, ko hatsi, wani lokaci har doki. Sana'ar kuwa gado ce. Ɗan mai kakaki tun yana ƙarami ya ke bin ubansa yana ɗaukar kaya, yana saurare, sai ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya busa a gaban sarki. Ba a rubuta taken nan a takarda ba, a kai a ke riƙe su. In tsoho ya mutu bai koya wa kowa ba, abin da ya sani ya tafi tare da shi. Yau kuwa gidajen biki da yawa sun gwammace su ɗauko lasifika su sa waƙar da a ka riga a ka ɗauka, maimakon su kira mai kalangu. Lasifika tana da ƙara, gaskiya ne, amma ba ta san wanda ya shigo ba balle ta yi masa take.

Akwai kuma shekarun da ba a yi hawa ba. A 2020 an dakatar da shi saboda annobar korona. A Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun hana saboda rigimar sarauta. Mai kallo ya rasa kallo ne kurum, amma ku tuna da baduku da maƙeri da mai ɗinkin jalala da mai algaita, waɗanda cinikin wannan mako ke ɗaukar nauyin gidajensu wata da watanni. A watan Disamba na 2024 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi da al'adu, wadda a ke kira UNESCO, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya duka ta ke ƙima da su.

In an gama hawan ƙarshe hakimai su yi sallama da sarki, kowa ya kama hanyar ƙasarsa. A wanke dawaki, a ninke lifidi, a raba kakaki gida biyu a sa cikin jakarsa, a mai da tambura ɗakinsu. Manya su shiga azumin sitta Shawwal, yara su koma makaranta. Bayan wata biyu da kwana goma, ran goma ga Zulhajji, a sake fito da su don Babbar Salla.

Tambayoyi

1. Don me ba a buga wa attajiri tambari?
2. Yaya mai algaita ya ke yi busarsa ba ta yankewa?
3. Wane sarki ne ya fara kakaki a Kano, kuma shekara nawa ya yi yana mulki?
4. Ku kawo waɗansu kalmomi biyu masu baƙaƙe ɗaya waɗanda hawa da saukar murya ke bambanta su, kamar "wuya" da "wuya".
5. Ku tambayi wani tsoho a unguwarku irin kiɗan da a ke yi da Salla sa'ad da ya ke yaro, ku rubuta abin da ya gaya muku, ku kawo aji.